Harawa, ingirici ko abincin buhu: me za ka tara wa dokinka kafin rani?

Sayen doki ba shi ne aiki ba, riƙonsa ne. Kowa na ganin kwalliyar Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, balle da hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, amma abin da ke riƙe dawakin nan daga Nuwamba har faɗuwar ruwa shi ne abin da aka tara da kaka. Doki kan ci busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum. Mai kilo 350 zai so wajen kilo 7, kuma fiye da rabi ya zama ciyawa ko harawa, ba hatsi ba. A wata shida ya haura tan guda. Wannan kaya kuwa daga gonar wani ko dajin wani zai fito, shi ya sa ya kamata ka tambayi inda aka samo shi kafin ka tambayi kuɗinsa.

Ni dai harawar wake nake sa wa a gaba. Manomi ya riga ya tsinke wakensa, ba a share sabon fili don dokinka ba, kuma wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi tun yana tsaye. Tana gina jiki, doki na sonta, ba ya barin ko kara. Idan ka samu manomin da ke shuka irin waken nan mai ba da ƙwaya da harawa tare, wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, reshen Kano, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka yi aiki a kai, to ka riƙe shi hannu biyu. Amma kada ka sayi dami da ido kawai. Kwance shi, ka zura hannu tsakiya. Ganyen ya kasance kore-kore yana manne da jikin kara, da ƙamshi. In ka ji ɗumi a ciki, ko ka ga fari-farin fumfuna, ko ƙura ta tashi da ka girgiza, bar wa mai shi. Wadda ta daɗe a kan rufi rana na dukanta har ta yi fari, ganyen ya kakkaɓe, kara kawai za ka biya wa kuɗi.

Harawar gyaɗa ma tana da kyau, sai dai tana zuwa da ƙasa a jikin saiwa, yashi kuwa in ya taru a hanjin doki yana kawo ciwon ciki mai tsanani. A kakkaɓe ta, a zuba a komi, ban da ƙasa. Tana kuma saurin lalacewa in ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta.

Ingirici ya fi arha, kuma doki na buƙatarsa don ya cika ciki ya yini yana tauna. A nan ne nake da damuwa. Kyasuwar da aka yanka da lauje kafin ta bushe a tsaye ba ta da laifi. Amma akwai masu karce daji da manjagara har ƙasa ta fito tsirara, da masu tumɓuke ciyawar gamba da ta burgu tun daga saiwa. Gamba ba a shekara ɗaya take mutuwa ba, saiwarta ce ke riƙe ƙasa idan iskar bazara ta taso, haka burgu a bakin fadama. Dami mai saiwoyi da dunƙulen laka shaida ce ta yadda aka samo shi. Kada ka saya. Mai fili kuwa gara ya nemi irin ciyawa a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ya shuka abinsa.

Abincin buhu na kamfani yana da amfani ga dokin folo ko na sukuwa mai aiki da yawa. Ga dokin da ake hawa da yamma da lokacin salla, tsada ce kawai da jigila daga nesa. Gero da dusa na gida sun isa, a raba su sau biyu ko uku domin tumbin doki ƙarami ne. Kada dusar alkama ta yi rinjaye, yawanta ba tare da harawa ba yana raunana ƙashi. Gyauron dawa kuma a nisanta doki da shi, yana da guba.

Sai maganar lokaci da ciniki. Sayi da kaka, kafin kuɗin harawa ya tashi a Maris da Afrilu, ka ajiye a inuwa a kan dakali ko itace yadda iska za ta ratsa. In da hali, ka yi yarjejeniya da manomi ko mai lambu na kusa: shi ya kawo harawa, kai ka ba shi kashin barga. Tara kashin a rami nesa da rijiya, kana yayyafa ruwa kana juyawa har ya ruɓe, maimakon a ƙone shi ko a tura kwata ya toshe hanyar ruwa. Amalanken da ta kawo maka dami ita za ta koma da takin, kuɗin ɗauko ɗaya ya biya tafiya biyu.