Fata kike so ko fita? Horon likitan fata a Najeriya da Amurka

Ƙanwata Dokta, na ga tambayarki tun daren jiya, sai yanzu da na tashi daga kilinik na samu zama. Kin ce saura wata huɗu ki gama bautar ƙasa, zuciyarki na kan ɓangaren fata, amma kin rasa wanne za ki kama: ki sayi fom ɗin faramaris, jarrabawar shiga horon ƙwarewa, ki nemi gurbi a gida, ko ki tattara ƙarfinki kan USMLE, jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka, ki nufi can. Kafin komai, ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: fata kike so, ko fita? Babu laifi a ko wanne. Sai dai hanyoyin biyu ba sa haɗuwa kamar yadda ake zato.

A nan gida fata ba ta da ƙofar kanta, ta zauren medisin ake shiga, wato sashen cututtukan manya. Za ki ci faramaris a ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, ko dai NPMCN, kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko WACP ta Afirka ta Yamma. Da yawa kan rubuta duka biyun don kada a yi biyu babu. Daga nan sai neman gurbi a asibitin koyarwa. Shekara biyu zuwa uku kina ƙaramar rijistara, wato likita mai matakin farko na horon ƙwarewa, kina zagaya zuciya da ƙoda da ƙirji da suga, kina kwanan asibiti kamar kowa. Sai kin ci jarrabawar kashi na ɗaya sannan za ki ce fata na zaɓa, ki yi kusan shekara uku a kanta, ki rubuta kundin bincike, ki kare shi a kashi na biyu, ki fito da shaidar ƙwarewa ta FMCP ko FWACP. A takarda shekara biyar zuwa shida ke nan. A zahiri yajin aiki da maimaita jarrabawa kan ƙara wani abu a kai. Wahalar gaske tana wajen samun gurbin farko, shi ya sa wasu ke shiga da ɗaukar nauyin gwamnatin jiharsu. Amma da zarar kin shiga medisin kin haye kashi na ɗaya, da wuya a hana ki fata, don masu nemanta ba su kai na zuciya ko ƙoda ba.

A Amurka abin a juye yake. Can fata tana da ƙofarta daban, kuma tana cikin mafi ƙunci a ƙasar baki ɗaya. Horon gajere ne, shekara ɗaya ta share fage da uku na fata zalla. Shigar ce aiki. Guraben da ake bayarwa a shekara tsakanin 500 ne da 600, ga ɗaliban da suka fi kowa maki a makarantun likitancin Amurka suna rububinsu, har wasunsu ma ba sa samu. Mai digirin waje sai ya ci matakin farko da na biyu na USMLE, ya samu shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, ya tura takardu ta ERAS, shafin neman gurbin horo, a watan Satumba, ya jira sakamakon rabon gurabe a watan Maris. Tun Janairun 2022 matakin farko ya koma ci ko faɗuwa kawai, don haka nauyi ya koma kan makin mataki na biyu da yawan binciken da aka buga da wasiƙun manyan likitocin fata na can. 'Yan ƙalilan daga waje da ke samu, galibi sai sun yi shekaru suna bincike a wani sashen fata a Amurka, wani lokaci ba albashi.

Ga inda ake yawan ruɗuwa. Mutum yakan ce bari in shiga medisin a can, daga baya in juya fata kamar yadda ake yi a gida. Babu wannan mararrabar. Wanda ya gama medisin a Amurka zai iya wucewa zuciya ko ƙoda, amma fata sai ya koma layi ya nemi sabon gurbi. Akasarin 'yan uwanmu da suka tafi sun ƙare ne a medisin ko likitancin iyali ko yara. Suna cikin rufin asiri, ina kuma taya su murna, amma ba fata suke yi ba.

Ingila ce ta fi kama da tsarinmu: jarrabawar lasisi ta PLAB, shekara biyu na medisin, jarrabawar medisin ta MRCP, sannan huɗu na fata, ita ma da gasa mai zafi. Difloma ta shekara guda kuwa, irin wadda ake yi daga nesa, tana ƙara ilimi amma ba ta mai da mutum kwansaltan, wato ƙwararren likitan da ya kammala horo.

Sai abin da idonki zai gani, wanda a wurina ya fi duk lissafin shekaru. Yau da safe wata matashiya ta shigo, sai da aka rufe ƙofa ta ɗaga niƙabinta. Kumatu sun yi baƙi kamar an goga gawayi, fatar goshi ta yi siriri har jijiyoyi sun bayyana, ga kuraje, ga gaɓoɓin yatsu sun fi sauran hannun duhu. Na ce ta nuna mini abin da take shafawa, ta buɗe leda, kwalaye bakwai na man bilicin, mai clobetasol da mai hydroquinone da wani haɗi a robar da ba ta da suna. Shekara uku ke nan, tun shirin bikinta. Bayanta wani malami ya kawo almajirai biyu suna susa har da jini, ƙazwa a tsakanin yatsu, kuma na san in ba a yi wa dukan tsangayar magani lokaci guda ba, za su dawo. Makero a kan yara, kyasfi, zabiya da rana ta ci wa kunne da wuya har ya zama ciwon daji, tabon kuturta da aka shekara ana shafa wa man kanti ba wanda ya taɓa shi da auduga ya tambayi mai shi ko yana ji. Littafi zai ce wurin ya yi ja, mu kuwa a fatarmu sai dai ki ga ya yi duhu ko ruwan ƙasa. Wannan idon a gaban marasa lafiyarmu ake samun sa. Kuma shekarun medisin ɗin nan da ake ƙorafi a kansu ba asara ba ne. Ranar da aka kira ki kan wanda fatarsa ke saɓulewa saboda maganin da ya sha, ko mai lufus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, da ƙodarta ta fara taɓuwa, a nan za ki gode musu.

Ba zan ɓoye miki abin da muka rasa ba. Za ki yanki ɗan nama ki aika gwaji, ki yi makonni kina jira, masu karanta naman fata kuma ba su da yawa. Injin haske da na leza ba ko'ina ba. Sababbin allurai irin dupilumab, wadda aka amince da ita a Amurka tun 2017, za ki san su a littafi ki kasa rubuta wa mai biya daga aljihunsa. Wanda ke samun horo a Amurka yana ganin tiyatar Mohs, wadda ake yanke dajin fata kaɗan-kaɗan ana dubawa, yana cire ciwon dajin fata kusan kullum, don can shi ne dajin da ya fi kowanne yawa. Albashinsa ma ba a haɗa shi da namu. Ni kaina akwai daren da na zauna da takardar albashi a hannu ina tunanin ko na yi kuskure.

Duk da haka, in fata ce ta kama zuciyarki, ki yi ta a gida, daga baya ki nemi zuwa waje na 'yan watanni ki koyo abin da babu a nan, kamar karanta nama ko tiyatar fata. In kuwa fita ce, saboda iyali ko rayuwa, ki yi USMLE da zuciya ɗaya, kina sane cewa mai yiwuwa medisin za ki yi, kuma kuɗin jarrabawa da dala ake biya.

A watanni huɗun da suka rage miki, ki fara karatun faramaris, tunda sau biyu ake yi a shekara. Ranar da ba ki da aiki ki je kilinik ɗin fata a asibitin koyarwa mafi kusa, ko Aminu Kano ko na Shika, ki gaishe da kwansaltan ki roƙi izinin zama a gefe. In kin samu dama ki leƙa cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya. Kafin kuma ki karɓi gurbi a ko'ina, ki tambaya ko kwaleji ta amince wa sashen ya horar da fata cikakke, ko sai an tura ki wani gari ki ƙarasa, don ki tattauna wannan da mutanen gida tun yanzu.