Faifan asali, sabon bugu ko na haɗaka: wanne ya kamata ka saya?

Duk wanda ya shiga neman tsofaffin faya-fayan garmaho na shekarun 1970, musamman kiɗan nan da ake kira saikadelik mai jita mai gurnani da amsa-kuwwa, zai tarar ana sayar da waƙa guda a siffa huɗu ko biyar. Akwai faifan asali da aka buga a lokacin, akwai sabon bugu da izini, akwai na haɗaka da ya tattaro mawaƙa da yawa, akwai jabu, ga kuma wanda ake saukewa a waya. Farashinsu ya yi nisa da juna ƙwarai, kuma mafi tsadar ba lallai ya fi daɗin saurare ba. Don haka kafin ka zaro kuɗi, ka fara sanin abin da kake so: jin kiɗan, ko mallakar abin tarihin.

Zan kafa misali da na Najeriya, don nan ne mai saye daga yankinmu yake da ɗan rinjaye a kan na waje. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, samari a Legas da Aba da Enugu suka rungumi jitar lantarki, suna gauraya kiɗan Turawa da gangunan gida. 'Yan ƙungiyar Ofege ɗaliban kwalejin St. Gregory's ne a Obalende ta Legas lokacin da kamfanin faya-fayai na EMI ya fitar da faifansu na farko a 1973, kuma a shekarar ce 'yan ƙungiyar BLO ma suka fitar da nasu. Funkees daga gabas suke. A Kano kuwa akwai Elcados. Da aka shiga shekarun 1980, kaset ya karɓe kasuwa, masu kwafe ba izini suka cika gari, tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanonin waje suka sayar da hannunsu suka tafi. Faya-fayan suka koma ƙarƙashin gado da cikin sito, uwar tef ɗin waƙoƙi da yawa kuma, wato tef ɗin farko da aka naɗi waƙar a kai, ta ɓace ko ta lalace. Daga farkon shekarun 2000 dillalai daga Turai da Amurka da Japan suka riƙa zuwa suna kwashe abin da ya rage. Dalilin tsadar ke nan.

Faifan asali shi ne wanda kowa ke kwaɗayi, kuma a nan aka fi yin asara. Wasu daga cikinsu ana sayar da su ɗaruruwan daloli a intanet, kamar na William Onyeabor da ya riƙa bugawa da kansa a Enugu ƙarƙashin kamfaninsa Wilfilms. Abin da kake biya shi ne kwalin farko, da tambarin farko, da sautin yadda aka yanka shi a lokacin. Matsalar ita ce faifan Najeriya bai zauna a kanta ana kallonsa ba. An ci biki da shi, an sa shi a otal da mashaya, an juya shi a rediyogaram mai nauyin hannu da allurar da ba a taɓa canjawa ba. Irin wannan allura tana cinye layukan faifai a hankali, kuma abin da ta cinye ba wankin da zai dawo da shi.

In faifan yana hannunka, ka fita da shi haske, ka karkata shi. Karcen da ido ke gani amma farce ba ya jinsa yawanci ba ya hana komai, sai 'yar ƙara kaɗan. Wanda farcenka ya maƙale a kansa zai riƙa yin ƙas-ƙas a kowane zagaye, in ma ya bi tsawon layin ne, allura za ta yi tsalle ko ta tsaya tana maimaita wuri ɗaya. Abin da ya fi karce muni shi ne faifan da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ba sheƙi. Wannan ya cinye, muryar mawaƙi za ta fito a shaƙe duk inda ya ɗaga ta. Sannan ka ɗora shi a kan tebur mai santsi ka duba ko ya lanƙwashe. Ƙura da datti kada su tsorata ka, ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi suna fitar da su, muddin ba ka jiƙa takardar tsakiya ba. Sau da yawa faifan da ya yi baƙin datti ya fi wanda aka goge da mai don ya yi ƙyalli a idon mai saye.

Tabbatar da cewa na asalin ne kuma yana da hanyarsa. Faya-fayan EMI na Najeriya lambarsu kan fara da NEMI, na Afrodisia, wato reshen kamfanin Decca, kan fara da DWAPS. Akwai kuma wasu lambobi da aka zana a filin nan da ba waƙa, tsakanin ƙarshen waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Ka gwada su da abin da aka rubuta a shafin Discogs, inda masu tarawa suke jera kowane bugu da hotunansa. Shafin yana nuna farashin da aka taɓa sayar da faifan a baya, kuma wannan ne ma'auni, ba kuɗin da wani ya rubuta yana jiran tsautsayi ya kawo masa mai saye ba.

Saye daga nesa kuwa sai da lura. Masu sayarwa suna amfani da haruffa wajen bayyana lafiyar faifai: NM na nufin kusan sabo, VG+ ya ɗan sha hannu amma yana tafiya lafiya, VG akwai ƙara a bayan kiɗan, G kuma, duk da sunansa na nufin mai kyau, a gaskiya gajiyayye ne. Ana ba faifai nasa maki, kwali nasa daban. A ganina, kada ka biya kuɗi mai nauyi a kan abin da bai kai VG+ ba, kuma ka nemi a turo maka sautin faifan da kansa, daga farkon waƙa da kuma wurin da kiɗa ya lafa, don a nan ƙara take tona kanta. Wanda ya ƙi turowa, ka bar masa kayansa.

Sabon bugu mai izini shi ne zaɓin da zan ba yawancin mutane. Yakan kama dala 25 zuwa 35, ko da yake kuɗin aikowa zuwa Kano ko Yamai na iya kusan ninka shi, shi ya sa ya fi kyau a haɗa uku ko huɗu a kwali ɗaya, ko a ba wani mai dawowa ya riƙo. Faifan sabo ne ful, ba karce, kuma kamfanonin kirki sukan nemo mawaƙin ko magadansa su biya su. Luaka Bop ta yi haka da Onyeabor a 2013, yana raye, kafin rasuwarsa a 2017. Now-Again ta yi irin wannan aiki da mawaƙan Zambiya na wancan zamani, irin su WITCH da Amanaz. Amma ka karanta bayan kwalin. Inda uwar tef ta ɓace, daga wani tsohon faifai mai tsabta ake kwafo sautin, sai a bi da kwamfuta a cire ƙara. In an yi da hankali ba ka ganewa. In an wuce gona da iri, kiɗan yakan fito a daskare, kaifin jitar ya tafi tare da ƙarar. Rubutun "gram 180" da ake liƙawa a gaba nauyin robar kawai yake faɗa, bai ce komai a kan sauti ba.

Ga wanda bai san mawaƙan ba tukuna, na haɗaka ya fi komai riba. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi waƙa biyu ko uku ne masu zafi a faifansu, sauran cike gurbi ne, kuma wanda ya tattara ya riga ya yi maka tankaɗe da rairaya. Kamfanin Soundway ya fitar da Nigeria Rock Special a 2008, a ciki har da waƙar Elcados ɗin Kano, sannan The World Ends a 2010. Now-Again ta fitar da Wake Up You! a 2016, kashi biyu, tare da dogon tarihin da Uchenna Ikonne ya rubuta. Littattafan da ke zuwa da irin waɗannan su kansu sun kai kuɗinsu, don daga nan za ka san sunan da za ka nema in ka shiga sito. Illar na haɗaka ɗaya ce: kunnen wani kake ara. Abin da ya burge mai tattarawa a Landan ba dole ne ya zama abin da ya tashi rawa a Sabon Gari ba, kuma waƙoƙin soyayya masu sanyi da mutanen lokacin suka fi so sukan faɗi a zaɓen.

Jabu kuwa ba sai an daɗe a kansa ba. Alamarsa hoton kwali dishi-dishi don daga hoto aka ɗauko shi, ba adireshin kamfani, ba maganar izini, takardar tsakiya kuma sabuwa fil a faifan da aka ce ya shekara hamsin. Mawaƙi ba ya samun ko sisi, sautin kuma sau da yawa daga intanet aka kwaso.

Wani lokaci ma babu faifan asalin da za a nema. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗansa na ogan a Yamai a 1978, a kaset ya fito, kwafi kaɗan, ko da yake 'yan Nijar sun daɗe suna jinsa a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye. Bugun kamfanin Sahel Sounds na 2013 shi ne karon farko da ya hau faifai. In wani ya ce yana da na garmaho na 1978, ka san inda ka ajiye shi. Irin waɗannan kamfanoni kuma suna sayar da sautin zalla a shafin intanet na Bandcamp, da araha, ba kuɗin aikowa ba kwastan. Wanda kiɗan kawai yake so, a nan ya kamata ya tsaya.

In kuwa na asalin ne ya shiga ranka, ka fara daga gida kafin intanet. Ka tambayi dattawan da suka yi aikin gwamnati ko reluwe a shekarun 1970, da tsofaffin masu gyaran rediyo, da 'yan gwanjo. Kada ka raina ƙananan faya-fayan nan masu inci 7 da ke juyawa 45 a minti, waƙa ɗaya kowane gefe. Ƙungiyoyi da yawa ba su taɓa kaiwa ga babban faifai ba, duk abin da suka bari a duniya yana kan irin waɗannan. Kuma ka biya mai kaya abin da ya dace, kada ka yi masa irin sayen da baƙi suka yi wa mutane a baya.

Ka ware wani abu daga kuɗin don na'urar juyawa. Ƙananan nan masu kama da akwati, masu lasifika a jiki, hannunsu yakan danna da nauyin gram 5 ko fiye, alhali na kirki wajen gram 2 yake, kuma ana iya saita shi. In gwanjo za ka saya, ka duba bayanta: wadda aka yi wa Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 take ci, tamu kuwa 230 ce, kuma wasu tsofaffin da injinsu ke bin bugun wutar Amurka, sau 60 a daƙiƙa, za su riƙa jan waƙa a hankali a kan namu 50 ko da ka sa taransifoma. Faya-fayan kuma a tsaye ake jera su, ba a kwance a kan juna ba, a ɗaki mai inuwa, nesa da taga da kwanon rufi. A watan Afrilu, faifan da aka bari a mota daga azahar zuwa la'asar ya gama aiki.