Kafin ka kafa shafi, fara duba ƙofar fita

Duk mai shirin buɗe ɗan shafin labarai ko mujallar intanet, tambayarsa ta farko ita ce wane dandali ya fi kyau. Ni tawa daban ce: ranar da na gaji da wurin, ko wurin ya rufe, me zan iya kwashewa in tafi da shi? Dandalin rubutu na Posterous ya rufe a 2013, dandalin sada zumunta na Google+ ya bi sahu a 2019, kuma waɗanda suka tare a cikinsu sai da suka yi ta haɗa komatsai a gurguje.

Shi ya sa sunan adireshi, wato domen, ya kamata ka fara mallaka, kuma rajistar ta kasance da sunanka da imel ɗinka. Na taɓa sakaci na bar wanda ya tsara mini shafi ya yi rajistar da nasa. Da lokacin sabuntawa ya zo, saƙon tunatarwa akwatinsa ya tafi, shi kuma ya daina ɗaga waya. Wata safiya na buɗe shafin, sai tallace-tallacen da ban san da su ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Sai batun dandali. Blogger, wanda Google ya saya a 2003, kyauta ne, ba ya buƙatar gyaran komai, kuma yana karɓar domen ɗinka. Ga mai rubutu shi kaɗai ya isa, amma an daɗe ba a ƙara masa wani abin kirki ba. Wix yana da daɗin tsarawa, ka ja hoto nan ka ajiye can, sai dai shafin da ka gina a cikinsa ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki, wato kamfanin da ke ajiye shafi a intanet. Idan za ka tashi, sabon gini za ka yi.

WordPress ne ke rikita sababbin shiga, domin iri biyu ne. WordPress.com hidima ce ta kamfanin Automattic, su ke kula da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, kai rubutu kawai. Manhajar da ake saukewa daga WordPress.org kuwa, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kai za ka nemo mata masauki, kai za ka riƙa sabunta ta. Wahalar kenan, kuma nan ribar take: rubutu, hotuna da rumbun bayanai duk suna hannunka. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke, don haka da wuya ka gamu da matsalar da wani bai riga ya warware ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne kwaɗayin ƙananan manhajojin da ake liƙa mata. Kowace ɗaya nauyi ce, kuma wadda mai ita ya daina sabuntawa taga ce a buɗe ga masu kutse. In da editoci biyu ko uku, manhajar WordPress.org zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Wanda kuma rubutunsa ta imel yake so ya isa ga mutane, tsakanin Substack da Ghost zai zaɓa. Substack, da ya fito a 2017, ba ka biyan komai sai ka fara karɓar kuɗin rajista daga masu karatu, sannan ya yanki kashi 10 cikin ɗari. Ghost ba ya yankar kaso, amma ko ka biya masauki ko ka iya girka shi da kanka, kuma ba kowane ƙaramin masauki ke ɗaukarsa ba. Dukansu suna ba ka damar sauke jerin masu karatunka. Riƙa saukewa lokaci-lokaci.

Sauran kayan aikin ba sa buƙatar dogon ciniki. Google Search Console zai nuna maka kalmomin da ake nemo ka da su da shafukan da Google ya kasa gani. Wajen ƙidayar baƙi, Google Analytics 4 ya yi wa ƙaramin shafi yawa a ganina. Matomo ko Plausible sun fi sauƙin fahimta, sun kuma fi kare sirrin mai karatu. Takardar tsaro ta HTTPS, hidimar Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, kuma tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin aminci. Masaukin da ya ce sai ka biya ta daban, wuce gaba. Hotuna akwai su a Wikimedia Commons, amma karanta sharaɗin lasisin kowane ɗaya, yawancinsu sai ka ambaci mai su.

Kafin ka tsayar da salon haruffa, rubuta "ƙanƙara", "ɗaɗɗaya" da "ɓarna" a babban kanu, ka duba a waya. Idan ƙ ta fito da wata siffa dabam ko ta zama ɗan akwati, sauya zuwa Noto Sans ko Andika, su suna da haruffa masu lanƙwasa.