Wayarka ta kullum ko wata daban ta tafiya?

Ɗan'uwa, ka ce za ka fita ƙasar waje, kana fargabar jami'an kan iyaka su buɗe wayarka, shi ne kake tambaya: ka share abin da ke cikinta, ko ka nemi wata daban?

Ka fara cire ƙin ba da lambar sirri daga lissafinka. A Amurka, ɗan ƙasa in ya ƙi, ba a hana shi shiga, sai dai a riƙe wayar, amma mai biza ana iya juyo shi. A Birtaniya, in an tsayar da kai ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2000, ƙin buɗewa laifi ne mai iya kai ka gidan yari har wata uku. Niyu Zilan kuwa tun 2018 tara take ci, har dala 5,000 na kuɗinsu. Don haka abin dubawa shi ne me za a tarar in an buɗe.

Share wayarka ta kullum ba ya cin ko sisi, kuma za ta ci gaba da kama da wayar mutum mai harkokinsa. Matsalarta mantuwa. Ka goge hira a WhatsApp, hotunan suna nan a ma'ajiyar hotuna. Ka goge hoton, ya koma kwandon shara ya yi kwana 30 yana jiran mai dubawa. Ga hoton katin banki da ka ɗauka bara, ga rukunin da aka jefa ka ba da saninka ba, ana ta turo abin da ba ka taɓa karantawa ba. In kuma aka jona wayar da na'urar ciro bayanan waya irin ta kamfanin Cellebrite, wani abin da ka goge ma yakan dawo.

Waya ta biyu ba ta da wannan ciwon kai, tunda abin da ba ka sa mata ba ba za a ciro shi ba. Sai dai ta ci kuɗi, kuma waya fayau, ba hoto ba kira, kan jawo tambaya. Ka yi mako biyu kana amfani da ita kafin tafiya, ka sa tikiti, adireshin masauki da lambobin da za ka nema. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya: wayar tafiya ce. Kada ka yi wa jami'i ƙarya.

Ni dai in amanar wasu ke cikin wayarka, kamar ɗan jarida, lauya ko likita, ta biyu zan ce ka ɗauka, don sirrin ba naka ba ne kai kaɗai. In ziyara ce kawai, sharewa a tsanake ta wadatar.

Ko wacce ka ɗauka, cire buɗewa da yatsa ko fuska, ka sa doguwar lambar sirri, sannan ka kashe ta gaba ɗaya kafin ka shiga layin duba fasfo.