Na biya a duba mini lissafin ritaya: zama biyu sun yi, na uku talla ne

Saura shekara huɗu in ajiye aiki, kuma sai bana na yarda na biya wani kamfanin ba da shawara kan kuɗi ya duba mini lissafina. Uwargida ce ta matsa. Zama uku aka tsara mana da wani matashi mai fara'a, kowane zama awa ɗaya da rabi.

Ranar farko ko tambayar abin da na tara bai yi ba. Takarda ya miƙo mini, ya ce in rubuta duk abin da ya fita daga aljihuna cikin wata uku. Na ji haushi, don a ganina na san gidana. Da na zauna da saƙonnin banki, sai ga shi abin da muke kashewa ya ɗara zatona nesa ba kusa ba. Maganin hawan jinina, kuɗin makarantar auta, ɗan abin da nake tura wa ƙanwata duk wata, ashe ban taɓa sa su a lissafi ba. Uwargida ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ce uffan ba. Da ma faɗa ta yi.

Zama na biyu kaɗai ya fanshe kuɗina. Ya ce in raba 72 da yawan hauhawar farashi, zan ga shekarun da kaya za su ninka kuɗi. Idan kashi 12 cikin 100 ne, cikin shekara shida darajar fanshon da bai motsa ba ta koma rabi ke nan. Sai ya kawo lissafin William Bengen, wani mai ba da shawara a Amurka da ya nuna a 1994 cewa wanda ya ciri kashi 4 na ajiyarsa a shekarar farko, yana ɗan ƙarawa daidai da tsadar kaya, kuɗin kan kai shi shekara 30. Wato ka tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara. Na yaba masa da bai ɓoye ba cewa da tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamunin Amurka aka yi lissafin, ba aya ba ce. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ladan masu juya kuɗi: kashi 1 kacal a shekara, wanda ido ba ya gani, cikin shekara 30 yakan cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za ka samu.

To, a zama na uku sai yaro ya rikiɗe ya koma dillali. Ya shimfiɗa takardar wata inshora mai haɗe da ajiya, har ya sa alama inda zan sa hannu. "Baba, wannan kamar don kai aka yi ta." Na ce, "Yaro, kai nawa ce la'adarka a ciki?" Ya yi ta murza biro kafin ya amsa cewa akwai. Tarar da ake cira idan mutum ya janye da wuri kuwa, ni na tono ta da kaina a shafin ƙarshe, da rubutu kamar ƙafar tururuwa.

Batun yadda mutum zai yi da ranakunsa bayan aiki, wanda suka cika tallarsu da shi, minti biyar aka ba shi: wai in nemi abin sha'awa. Mutumin da ya shekara 31 yana fita da sassafe, wannan ba amsa ba ce.

Wanda zai je, ya fara tambaya ko kuɗinsa kaɗai ake biyan mai shawarar da shi, ko akwai wanda ke ba shi ta bayan fage. Ni dai ban sa hannu ba. Littafin kashe kuɗin yana nan, a hannun uwargida, kuma jiya ma sai da ta tambaye ni rasit.