Tarihin ƙwallon ƙafar Sin a dandamali: opera ta Kanton ko na'urorin zamani?

Tambayar ita ce wace hanya ce ta fi dacewa a nuna labarin Lee Wai-tong, kyaftin ɗin Sin a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, inda Birtaniya ta doke su da ci 2-0.

Opera ta Kanton, wato wasan kwaikwayon gargajiya na kudancin Sin da ake yi da waƙa, ba ta buƙatar ƙwallo, domin tsalle da juyi da bugun ganga sun isa su nuna an zura ƙwallo a raga, kuma a ganina wannan ya fi zama a zuciya, sai dai horar da ɗan wasan opera yana cin shekaru. Majigi da fitilu kuwa suna kawo filin Berlin nan take, amma da tsada, kuma na'ura takan tsaya ana tsakiyar wasa.

Opera ta dace da ƙungiya mai ƙwararrun mawaƙa, na'urori kuma da babban zaure mai kuɗi da ke neman jawo matasa.