Maginin da ya ɗaga mana gida a Auyo

A ambaliyar 2022 ruwa ya kwana shida a tsakar gidanmu a Auyo. Ginin ƙasa ne, ya jiƙa daga gindi har ya yi laushi, ɗakuna biyu suka zauna. Da na tashi sake gini a farkon 2024, ƙanin matata ya haɗa ni da wani magini daga Haɗeja. Mutane na ta tambayata yadda aikinsa yake, to ga abin da na gani.

Ranar da ya zo, kafin ya taka filin, sai da ya je jikin katangar masallacin unguwa ya nemo shatin da ruwan ya bari. Ya auna, ya ce, "Alhaji, daɓen ɗakinka sai ya haura nan." A nan ya shiga raina. Harsashi ya zuba dutse da kankare, ya ɗora bulo mai inci 9 layi huɗu, ya cike ramukansa, aka yi ciko da marmara aka daddaƙe, sannan ya shimfiɗa baƙar leda don kada danshi ya hau bango. Kuɗina bai kai in yi bulo har sama ba, bai kuma raina ni ba. Ya ƙarasa da tubalin ƙasa, ya zazzago da bakin kwano yadda ruwan sama ba zai doki bango ba, ya lanƙwasa rodi ya kama katakon rufi saboda guguwar farkon damina.

Gidajen rediyo sukan ce sauyin yanayi ne ke kawo ambaliyar, kuma gaskiya ne ruwa ya canza. Ina so dai su riƙa haɗawa da ciyawar kacala da ta toshe kogin Haɗeja, da ruwan da ake saki daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa, don mu nan duka ukun muke sha.

Inda ya ɓata min rai: ya ce sati shida, aka yi wata uku, ashe aiki biyu ya kama. Lissafin simintinsa ma ya gaza, ga buhu ya haura naira 10,000 a lokacin. Matakala uku da ya yi kuma sun yi tsayi, mahaifiyata mai ciwon gwiwa sai an riƙe ta.

Daminar 2024 ruwa ya sake shigowa layinmu, ya tsaya a matakala ta biyu. Zan sake ba shi aiki, amma kuɗi kashi-kashi zan biya, kuma ni zan sayo siminti da kaina.